Daga Cabin Pond zuwa Jerusalem: bin sawun daren 22 ga Agusta 1831

Hanya mai lamba 58 ce ke fitar da mutum daga Norfolk ta yi yamma da shi. Tana bi ta gefen arewa na babbar fadamar nan da ake kira Dismal, ta wuce Suffolk da Franklin, cikin awa ɗaya da 'yan mintoci sai ga ka a Courtland, hedikwatar gundumar Southampton, a kudancin jihar Birjiniya dab da iyakar Karolina ta Arewa. Na shiga garin a ƙarshen Oktoba, lokacin an tuge gyaɗa an kifa ta jere a kan kunya tana shan rana, auduga kuma ta fashe fari fat. Mutumin Gusau ko Funtuwa in ya ga haka sai ya ji kamar gida ya dawo. Sai dai ƙasar a shimfiɗe take kamar faifai, kuma duk inda gona ta ƙare, ko dajin dogayen itatuwan katako ne ko fadama mai baƙin ruwa.

Sunan Courtland na baya-baya ne, a 1888 aka raɗa shi. Kafin nan Jerusalem ake kiran garin, takwaran Ƙudus, kuma a 1831 mazaunansa ba su kai 200 ba. Nan wani bawa mai wa'azi, Nat Turner, da ya jagoranci tawayen bayi, ya nufa da mutanensa ranar Litinin 22 ga Agusta na shekarar. Saura mil 3 aka tare su. Na zo ne in bi hanyar da suka bi daga farko har inda ta yanke, domin tazarar da ke tsakanin gida da gida, da yadda kogin Nottoway ya gitta a gaban garin, suna nuna abin da ba a gani a takarda.

Mai son bin wannan hanya sai da mota, don babu motar haya da ke shiga waɗannan lunguna. Daga Courtland za ka hau hanya mai lamba 35, ka haye Nottoway, ka yi kudu wajen Boykins, sannan ka karya ka shiga ƙananan tituna masu ɗauke da tsofaffin sunaye, irin su Cross Keys da Cabin Pond da Barrow. Kusan duk filayen na mutane ne, da alluna masu hana shiga, kuma galibin gidajen wancan zamani sun zube ko an rushe su. Daga bakin titi ake kallo. Wanda ya kutsa ciyawa kuwa sai ya dudduba ƙafafunsa da dare, saboda kaska.

Ƙidayar 1830 ta ba gundumar farar fata 6,573, bayi 7,756, da baƙaƙe 'yantattu 1,745. Baƙi sun rinjayi fari ke nan. Amma kada a ɗauka manyan gandaye ne masu ɗaruruwan bayi irin na can kudu inda ake noman rake. Masu bayi fiye da 100 a nan ƙalilan ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na gidajen farar fata ba su da bawa ko ɗaya, sauran kuma galibi bayi goma ne ko ƙasa da haka. Masara suke nomawa da auduga kaɗan, suna kiwon aladu, kuma kusan kowace gona tana da lambun tuffa da tukunyar dafa barasa, har barasar tuffar Southampton ta yi suna a faɗin jihar. Ubangida da bawa kan yi aiki a kunya ɗaya. Wannan ya sa a daren da ake magana, wanda ya ɗaga gatari da wanda aka sara sun san juna da suna, wani ma tare suka yi wasan ƙasa.

Jini bai fara zuba a ƙasar nan a 1831 ba, kuma doka ce ta share masa hanya. Tun 1662 Birjiniya ta yanke cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, don haka ɗan da ubangida ya haifa da baiwarsa bawa ne, yana iya sayar da shi. Mai karatu na gida zai lura da bambancin, tunda a wajenmu ɗan ƙwarƙwara ɗa ne, yana cin gado har ya hau karaga, ko da yake wannan bai mai da zaman rinji abin marmari ba. A 1669 aka ƙara wata doka: in bawa ya mutu a hannun ubangidansa garin horo, ba a ɗauke shi kisan kai ba, wai don hankali ba zai ɗauka mutum ya lalata dukiyarsa da gangan ba. An sassauta wannan daga baya, amma a 1827 babbar kotun jihar ta yanke cewa ba a gurfanar da ubangida don ya yi wa bawansa dukan kawo wuƙa, muddin rai bai fita ba. In kuma rai ya fita, shaidar baƙi ba ta karɓuwa a kan fari. To su wa ke tsaye a wurin in ana dukan bawa, in ba bayi ba?

Wani lokaci tura kan kai bango. A Oktoba 1799, a kan hanyar da ke shiga Jerusalem, wani ayarin bayi da aka sayo ana kora su kudu ya juya ya kashe fataken bayi biyu 'yan Jojiya da ke tafe da shi. Shekara guda bayan haka, ranar 2 ga Oktoba 1800, aka haifi Nat a gonar Benjamin Turner. Ya iya karatu tun yana yaro, ba ya shan giya, yana yawan azumi da keɓewa, kuma ya yi imani ana nuna masa alamu daga sama. Ya taɓa gudu ya yi kwana 30 a daji ya dawo da ƙafarsa. Ya wuce daga hannun Benjamin zuwa ɗansa Samuel, aka sayar da shi ga Thomas Moore, da Moore ya mutu ya zama gadon ɗansa ƙarami, Putnam. Uwar yaron, Sally, ta sake aure da Joseph Travis, mai sana'ar ƙera keken doki, shi ya sa Nat ke zaune a gidan Travis alhali a takarda mallakar yaro ne. Husufin rana na 12 ga Fabrairu 1831 ya ɗauka a matsayin izini, ya gaya wa bayi huɗu kawai, Hark da Henry da Nelson da Sam. Sun sa ranar 4 ga Yuli, ciwo ya kwantar da shi. Ranar 13 ga Agusta rana ta fito da wani launi tsakanin shuɗi da kore, ya ce lokaci ya yi.

Cabin Pond ba wani tafki ba ne na a zo a gani, dausayi ne cikin kurmi, kuma daga titi ba abin da ake hangowa sai duhun itatuwa. Nan suka haɗu ranar Lahadi 21 ga wata. Hark ya kawo alade, Henry ya kawo barasa, ga Nelson da Sam, ga sababbi biyu, Will da Jack. Nat bai iso ba sai wajen ƙarfe 3 na yamma. Ya tambayi Will me ya kawo shi, Will ya amsa cewa ransa bai fi na sauran ba, kuma yadda suke son 'yanci haka yake so. Shirin nasu gajere ne: su fara da gidan Travis, kada su bar kowa da rai ko mace ko yaro har sai sun tara makamai da jama'a, su bi gida-gida suna ƙara yawa, su faɗa Jerusalem. Dalilin taƙaita masu sanin sirrin a fili yake. Yunƙurin tawayen wani bawa, Gabriel, a Richmond, babban birnin jihar, a 1800 tonon asiri ne ya kashe shi tun kafin ya tashi. Nat ya toshe wannan ƙofa, amma toshewar ta jawo wata matsala, don bayin da zai bi ta gidajensu ba su san da zancen ba sai da suka ga mahaya a tsakar gida.

Wajen ƙarfe 2 na dare suka isa gidan Travis. Hark ya so fasa ƙofa da gatari, aka hana shi don kada ƙara ta ta da maƙwabta. Sai aka jingina tsani a jikin bututun hayaƙi, Nat ya hau ya ɗaga tagar bene, ya sauko ta matakala ya zare sakata, ya kwashe bindigogin gidan. Aka ce shi zai fara zub da jini. Ya kai wa Travis sara da ƙaramin gatari cikin duhu, gatarin ya goce, mutumin ya zabura yana kiran matarsa, Will ya ƙarasa shi. Aka kashe Sally, da Putnam, da wani yaron sana'a Joel Westbrook. Sun yi nisa kafin su tuna da jariri a shimfiɗarsa. Henry da Will suka koma.

Abin da suka samu a gidan shi ne bindigogi huɗu masu tashi, da wasu tsofaffin adaka, da albarushin da bai wuce laba ɗaya ko biyu ba. Ya kamata a riƙe wannan lissafi, don shi ne ya bi su har ƙarshe. Bindigar manomi ta harbin tsuntsu da zomo ce, ƙananan harsasai ake ɗura mata, ba ta cin nisa, kuma ɗurin baki ce, in ka harba sau ɗaya sai ka tsaya ka sake ɗurawa. Da dare gatari suka yi amfani da shi don ba ya ƙara. Takobin da Nat ya rataya kuwa dakusasshe ne.

Gidan Salathiel Francis bai fi yadi 600 daga na Travis ba. Suka ƙwanƙwasa suka ce wasiƙa aka kawo masa, yana leƙowa suka jawo shi. Gidan Piety Reese ƙofa a buɗe take. Da fitowar rana suka isa gidan Elizabeth Turner, nan aka fara harba bindiga, a kan mai kula da gonar da suka tarar a wurin dafa barasa. Zuwa lokacin sun kai 15, tara a kan dawakai. Mahayan suka wuce gidan Catherine Whitehead, masu ƙafa suka ratse zuwa gidan Bryant. A gidan Whitehead suka tarar da ɗanta Richard, mai wa'azi, a gonar auduga bakin shinge, suka kira shi ya zo. 'Yarta Margaret ta ɓuya a wani lungu kusa da ƙofar ɗakin ƙasa, ta ruga, Nat ya cim mata, takobin ya ƙi ci, ya ƙarasa ta da itacen shinge. Ita kaɗai ce ya amsa cewa ya kashe da hannunsa. Wata 'yar gidan, Harriet, ta tsira saboda wani tsohon bawa, Hubbard, ya ɓoye ta. Irin wannan ya faru a gida fiye da ɗaya. A gidan Nathaniel Francis ma bawa ne ya ɓoye matarsa Lavinia, mai tsohon ciki, a wani ɗan lungu a bene.

In kana tuƙi a wannan yanki za ka ga gidajen ba su da nisa sosai, mil ɗaya, mil biyu, wani ma ƙasa da haka. Da dare wannan ya taimake su. Da gari ya waye sai ya zama musu cikas, don yaro mai gudu ta cikin masara zai riga mahayan da ke bin titi isa gida na gaba. Da suka isa gidan Richard Porter suka tarar an watse, Nat ya gane labari ya riga su. Wajen ƙarfe 9 zuwa 10 na safe sun kai 40. Sai ya sauya tsari: ya sa 15 zuwa 20 mafi makamai a gaba su riƙa sukuwa su dira a kan gida kafin mutane su tsere, shi kuma yana baya yana tattaro sababbi. Tsarin ya ƙara musu sauri, amma ya raba jagora da bakin daga. Ga kuma barasa a kowane gida.

Mafi munin wurin shi ne gidan Levi Waller, inda akwai makarantar yara da maƙera da wurin dafa barasa. Labari ya iso, aka aika a kira yaran daga makaranta su taru a gida, wanda ya zama kuskure mai tsada. An kashe matar Waller da yara 10. Wata yarinya ta tsira don ta shige cikin bututun hayaƙi. Shi Waller ya kwanta cikin ciyayi yana kallon su suna sha, kuma daga baya ya zama babban mai shaida a kotu. Ban ga amfanin shafa wa wannan mai ba. Yara ne aka sassara, kamar yadda yara ne ake cirewa daga bayan iyayensu a sayar a kasuwar Richmond kowane mako ba tare da an kira shi laifi ba.

Gida na ƙarshe da aka yi kisa shi ne na Rebecca Vaughan, gwauruwa, wajen tsakar rana. Shi ne kuma wanda baƙo zai iya tsayawa a gabansa yau, don a 2004 an ɗauko shi daga inda yake aka kawo shi Courtland, kusa da gidan adana kayan noma na gundumar. Ƙaramin gidan katako ne mai rabin bene, in ba a faɗa maka ba sai ka ɗauka ɗakin ajiya ne. Wata baiwar gidan ta ba wani ɗan jarida labari a makon cewa uwargijiyarta ta leƙo ta taga ta roƙi a bar ta da rai, aka harbe ta. An kashe ta da ɗanta da 'yar ɗan'uwan mijinta.

Daga nan suka kama hanyar Jerusalem, su 50 zuwa 60, duka a kan dawakai. A ƙofar gonar James Parker aka samu saɓani. Wasu suna da dangi a cikin bayin gidan, suka ce sai sun shiga sun ɗauko su. Nat bai so ba, don ya san masu gidan sun riga sun gudu gari, amma ya bari. Gidan yana da nisan rabin mil daga titi. Ya tsaya a ƙofa da mutum 7 ko 8, shiru-shiru ba su dawo ba, ya bi sawunsu. Yana can sai farar fata 18 da suka biyo sawun jini suka watsa masu gadin ƙofa. Nat ya jera mutanensa ya sa aka yi musu ca, farar fatan suka ja da baya suka haye wani ɗan tudu, a bayan tudun kuwa suka yi kiciɓis da wata ƙungiya da ta fito daga Jerusalem ta ji ƙarar bindiga. Nan abin ya juya. An harbe dokin Hark a ƙarƙashinsa, an raunata da yawa daga cikin jarumansu, sauran suka bazu cikin gonaki. Tudun da ake magana, in ka gan shi, bai kai a kira shi tudu ba. Amma a ƙasa mai laushi irin wannan ya isa ya ɓoye mahaya.

Kogin Nottoway ba shi da faɗi ƙwarai, sai dai gaɓarsa fadama ce mai itatuwa tsaye cikin ruwa, doki ba ya ratsa ta. Sai ta gada. Nat ya yi niyyar zagawa ta gadar Cypress, mil 3 a ƙasan gari, ya shigo ta baya, ya tarar an tsare ta. Da mutum wajen 20 ya juya neman ƙari, ya kai 40, suka kwana kusa da rukunin bayin Thomas Ridley. Cikin dare wani mai gadi ya yi kururuwar an zo, ashe ba kowa, rabi suka gudu. Da asubar Talata suka nufi Belmont, gidan likita Simon Blunt, suna zaton ba kowa. Hark ya harba bindiga don ya gwada, aka amsa masa da ruwan wuta daga cikin gida, kuma bayin Blunt da kansu suka fito da kayan noma suka taya ubangidansu. Nan aka raunata Hark aka kama shi. Belmont yana nan tsaye wajen Capron, gidan mutane ne, daga nesa ake ganinsa. Kafin Talata ta faɗi Nat ya rage shi kaɗai.

A ganina ko da ba a tsaya a gidan Parker ba, da wuya su riƙe garin. Mata da yara sun riga sun cika Jerusalem, an tsare gada, manzanni sun tafi Petersburg da Richmond da Norfolk. Cikin kwana biyu zuwa uku ga dakarun gundumomin maƙwabta, ga barade daga Richmond, ga sojan tarayya daga sansanin Monroe da na ruwa daga jiragen yaƙi. Sun iso sun tarar ba sauran wanda za a yaƙa, sai suka juya kan wanda suka gani.

Akwai mahaɗar da ayarin ya karya kwana zuwa Jerusalem. Titin da ke wurin sunansa Blackhead Signpost har zuwa 2021, lokacin da aka gajarta shi ya koma Signpost. Ma'anar tsohon sunan ita ce turken da aka kafa kan baƙin mutum. Allon tarihi da jihar ta kafa ya ce mai yiwuwa kan Alfred ne, maƙerin Levi Waller, wanda ba a danganta shi da kisan kowa ba. Wasu mahaya suka kama shi, ba su da lokacin kai shi gari, suka yanke masa jijiyoyin agara suka bar shi a bakin hanya, wasu suka zo daga baya suka harbe shi. Barade daga Murfreesboro ta Karolina ta Arewa sun yi irin wannan a wajen Cross Keys. Labarin da aka adana a gidan Francis ya ce Nathaniel ya ɗaure baiwarsa Charlotte a bishiya ya harbe ta, don an ce ta zare wa Lavinia wuƙa. John Hampden Pleasants, editan wata jaridar Richmond da ya zo cikin barade, ya rubuta da kansa cewa an karkashe baƙaƙe da yawa ba shari'a, cikin rashin imani.

Nawa ne? Farar fatan da suka mutu an jera su da suna, gida-gida, 55 a jerin da aka fi sani, wasu lissafai su kai kusan 60, mafi yawansu mata da yara. Na baƙaƙen da aka kashe a hanya da tsakar gida ba wanda ya ɗauki alƙalami. Marubutan da suka gabata sun ce 100, wasu 200. Masu bincike na baya-bayan nan sun bi ta takardun haraji, tunda ana biyan haraji a kan kowane bawa mai shekara 12 zuwa sama: a ɗauki jerin kafin tawaye da na bayansa, gida-gida, a cire waɗanda aka rataye da waɗanda aka kora, a ga giɓin da ya rage. Wannan ya sauko da adadin ƙasa da 50. Dabara ce mai kyau, amma ta dogara da littafin dukiya, kuma littafin dukiya ba ya faɗin ko bawan da ya ɓace sayar da shi aka yi ko harbe shi.

Ranar 28 ga Agusta Janar Richard Eppes, kwamandan dakarun, ya ba da umarnin a daina, ya yi barazanar hukunta duk wanda ya ƙara. Akwai tausayi a ciki, ban musa ba, akwai kuma buƙatar shaidu da rai. Amma akwai kuɗi. Dokar Birjiniya ta ce in kotu ta yanke wa bawa kisa, jiha za ta biya ubangidansa kimarsa. In kuwa wani ya harbe shi a bakin hanya, asara ta hau kan mai shi. Manyan masu bayi su ne alƙalan gunduma, su ne hafsoshin dakaru, kuma dukiyarsu ce matasa masu bindiga ke ɓarnatarwa. Waller da wasu sun kai kuka majalisar jiha a biya su diyyar bayin da aka kashe ba shari'a, Waller a kan Alfred. Ba a biya su ba.

Ginin kotun da ke Courtland yanzu na 1834 ne, wanda aka yi shari'ar a cikinsa ba ya nan. Tsallaken titi akwai gidan James Rochelle, akawun kotu na lokacin, da tsohon masaukin da ake kira Mahone. Kotun bayi tsarinta daban. Alƙalan gunduma aƙalla biyar ke zama, babu mutanen gari goma sha biyu da ke yanke laifi kamar a shari'ar fari, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya kafin a kama mutum da laifi. Ana naɗa wa bawa lauya, a nan an biya dala 10 kan kowace shari'a. In an yanke kisa, a zaman nan alƙalai za su yi wa mutumin kuɗi a rubuta. Suna iya roƙon gwamna ya mai da hukuncin kora, wato jiha ta sayar da shi ga fatake a fitar da shi. A sauran laifuka ana jira kwana 30 kafin rataya, a laifin tawaye ba a jira.

An fara zama ranar 31 ga Agusta. Bayi 45 aka gurfanar, aka kama 30 da laifi, aka rataye 18, aka kori 12. Cikin 'yantattu biyar da aka gurfanar an rataye ɗaya. Mace ɗaya ce aka rataye, Lucy, bisa zargin ta riƙe uwargijiyarta, matar John Barrow, don kada ta tsere. Babban mai shaida a kan mutane da yawa yaro ne, Moses, na gidan Travis, wanda aka tafi da shi yana riƙe dawakai. Shaidarsa ba ta fisshe shi ba, shi ma an yanke masa hukunci aka kore shi. Haka wasu yara uku na gidan Francis da shaida ta nuna tilasta su aka yi.

A Janairu 1832 majalisar jiha ta yi makonni biyu tana muhawara a kan ko a fara kawar da bauta sannu a hankali, aka kayar da shawarar da ƙuri'a 73 da 58. Abin da ya fito maimakon haka shi ne dokar hana baƙi, bawa ko ɗa, yin wa'azi ko tara jama'a. Kafin nan, a Disamba 1831, jirgin ruwa James Perkins ya tashi daga Norfolk zuwa Laberiya da 'yantattun Southampton sama da 200 da zaman ya gagare su.

Duk wannan lokaci Nat bai bar unguwarsu ba. Gwamna John Floyd ya sa ladan dala 500, ana ta rahoton an gan shi a duwatsun yamma, alhali yana kwance kusa da gonar Travis. Daren Alhamis ɗin makon tawayen ya ɗebi abinci a gidan da ba kowa, ya tona rami ƙarƙashin tarin itacen shinge a tsakiyar gona, ya yi mako shida a ciki, ba ya fitowa sai tsakar dare ya sha ruwa. Daga baya ya fara laɓewa a bayan gidaje yana sauraron labari. Kare ne ya tona shi: ya shinshino naman da ya ajiye, bayan 'yan kwanaki ya dawo tare da wasu bayi biyu masu farautar dare ya yi ta haushi. Nat ya roƙe su su rufa masa asiri, suka ruga. Ya yi mako biyu ana bin sa. Ranar Lahadi 30 ga Oktoba wani ƙaramin manomi, Benjamin Phipps, ya hango motsi ƙarƙashin rassan wata faɗaɗɗiyar bishiya, inda Nat ya haƙa wani ramin da takobinsa. Phipps ya ɗana bindiga, Nat ya miƙa takobin. Littafin Baibul ɗin da aka ce yana tare da shi ya daɗe a ajiye a kotun, a 1912 ya koma hannun dangin Lavinia Francis, yanzu yana gidan tarihin baƙaƙen Amurka a Washinton.

Daga 1 zuwa 3 ga Nuwamba wani lauya da bashi ya yi wa katutu, Thomas Gray, ya riƙa shiga kurkuku yana rubuta bayaninsa, ya buga shi a Baltimore cikin watan ya sayar. Yawancin abin da aka sani na tsani da gatari da rami daga nan ya fito, don haka a riƙa tunawa bakin Nat ne amma alƙalamin Gray ne. An yi shari'a ranar 5 ga wata, Jeremiah Cobb na shugabanta. Nat ya ƙi amsa laifi. Ranar Juma'a 11 ga Nuwamba aka rataye shi a wata bishiya a gefen gari, wajen da titin Bride yake yanzu. Bishiyar ba ta nan, gidajen zama ne da ciyawa a share. Gawar likitoci aka ba, suka feɗe ta, kuma ba shi da kabarin da za a nuna.

A littafin kotu an rubuta shi a matsayin Nat, wanda ake kira Nat Turner, mallakar Putnam Moore ƙaramin yaro. Alƙalai suka yi masa kuɗi dala 375, kuma kuɗin na magadan Putnam ne, yaron da aka kashe a gadonsa a gida na farko.